Tallafin Karatu a Kwalejojin Al'umma na Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Kwalejin al'umma makarantar gaba da sakandare ce ta shekara 2, wadda jiha ko gunduma ke ɗaukar nauyinta. A nan 'yan uwanmu da yawa, daga Bronx har Greensboro, suke fara karatu, wasu yara ne da suka gama sakandare a can, wasu kuma manya ne masu aiki da iyali. Kuɗin tallafi na nan, kuma sau da yawa yakan biya kuɗin makaranta gaba ɗaya har da saura. Abin da ke raba ɗalibi da shi galibi ƙananan abubuwa ne: jinkirin cike fom, takardar haraji da ba ta yi daidai ba, ko ajiye darasi a tsakiyar zango.

Nawa ne kuɗin makarantar tukuna?

Ya danganta da inda aka ɗauke ka a matsayin mazauni. Mazaunin gunduma shi ne mai biyan mafi ƙanƙanta, kimanin dala 4,000 a shekara idan aka duba ƙasar baki ɗaya. A Kalifoniya dala 46 ne kowane kiredit, wato ma'aunin nauyin darasi. A kwalejojin CUNY na birnin Niyok, irin su Hostos da Bronx Community College, dala 2,400 ne a zango ga mai cikakken karatu, ko dala 210 kowane kiredit ga mai ɗaukar kaɗan-kaɗan. Wanda ba a ɗauke shi mazauni ba yakan biya ninki biyu ko uku a jihohi da yawa.

Yawancin jihohi suna son a ce ka yi wata 12 a cikinsu kafin ranar fara karatu. Takardar hayar gida, lasisin tuƙi da takardar harajin jiha su ne shaidu. Idan saura wata biyu ka cika shekara, gwamma ka jira zango mai zuwa da ka biya kuɗin baƙo.

Wa ke da hakkin samun tallafin gwamnatin tarayya?

Ɗan ƙasa, da mai katin zama na dindindin, wato girin kad, da wanda aka shigo da shi a matsayin ɗan gudun hijira, da wanda aka riga aka ba mafaka. Wanda ke jiran hukunci kan neman mafakarsa bai shiga ba tukuna, ko da yana da takardar izinin aiki da lambar SSN, wato lambar shaida da gwamnati ke ba mutum don aiki da haraji. Haka mai bizar karatu, mai bizar ziyara, mai izinin zama na wucin gadi (TPS) kaɗai, da mai DACA, wato kariyar da ake ba wasu da aka shigo da su tun suna yara.

Sai kuma shaidar gama sakandare. Ta gida ma ana karɓa, sakamakon WAEC ne ko NECO ko bakaloriya ta Nijar, sai dai wasu kwalejoji za su tura ka wajen masu tantance takardu irin su WES ko ECE, kuma kai za ka biya. Wanda ba shi da ko ɗaya yana iya zana jarrabawar GED. Sharaɗi na ƙarshe da mutane ke mantawa: dole ka yi rajista a wani takamaiman shiri mai kaiwa ga digiri ko satifiket. Wanda ya shiga don ɗaukar darasi ɗaya ko biyu kawai ba ya samun ko sisi.

Ina Kano ko Maraɗi, ina son in zo. Akwai rabona?

A kuɗin gwamnatin tarayya babu. Mai bizar karatu ta F-1 shi ne ma zai nuna wa kwaleji shaidar banki cewa yana da kuɗin shekara guda, na makaranta da na zama, kafin ta ba shi takardar I-20 da ake neman biza da ita. Daga nan ya biya dala 350 na SEVIS, tsarin rajistar ɗalibai baƙi, ban da kuɗin biza. In ya iso, kuɗin baƙo zai biya, dole ya ɗauki kiredit 12 kowane zango, kuma aikin da aka yarje masa na cikin makaranta ne, awa 20 a mako. Wasu kwalejoji na da ɗan ƙaramin sikolashif ga baƙi, amma ba ya riƙe mutum. Duk wanda ya ce ka biya shi zai samo maka tallafin gwamnatin tarayya alhali kana gida, damfara ce. Shawarar gaskiya kyauta ake ba da ita a cibiyoyin EducationUSA.

Ta ina ake farawa?

Ta fom ɗin neman tallafi mai suna FAFSA, a shafin studentaid.gov, kuma ba a biyan komai. Da shi gwamnatin tarayya da jiha da ita kanta kwalejin suke lissafi. A bisa al'ada ana buɗe shi ranar 1 ga Oktoba don shekarar karatu mai zuwa, kuma kowace shekara sai an sake cikewa.

Da farko ka buɗe asusunka a shafin, da sunanka kamar yadda yake a katin SSN, harafi da harafi. Nan ne namu ke yawan tuntuɓe: Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Mahamadou a fasfo, ko an sa sunan mahaifi a gurbin sunan yanka. Bambancin harafi ɗaya ya isa ya tsayar da komai. Duk wanda za a buƙaci bayaninsa, uba ne ko uwa ko miji ko mata, shi ma sai ya buɗe nasa asusun da nasa imel. Kowa a cikinku dole ya amince a ɗauko bayanan harajinsa kai tsaye daga hukumar haraji ta IRS, ko da bai taɓa cike haraji ba. In mutum ɗaya ya ƙi, ba za a lissafa maka tallafi ba.

Fom ɗin yana amfani da harajin shekara biyu baya: na shekarar karatu 2026–27 yana duba harajin 2024. Kana iya sa makarantu har 20. Bayan ka tura, za a fitar maka da lamba mai suna SAI, ma'aunin ƙarfin aljihun iyali, wadda ke iya sauka har zuwa -1,500. Ƙanƙantar lambar, yawan tallafin.

Wa'adin gwamnatin tarayya yana kaiwa 30 ga Yuni na ƙarshen shekarar karatun, amma kada wannan ya ruɗe ka. Kuɗin FSEOG, ƙarin tallafi na kyauta ga mafi buƙata, wanda ke kamawa daga dala 100 zuwa 4,000, da guraben aikin cikin makaranta, ƙayyadadde ne ake ba kowace kwaleji, in ya ƙare ya ƙare. Na jihohi ma suna da nasu wa'adin. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe.

Ni ke ciyar da kaina, me ya kawo maganar iyayena?

Domin doka ba ta duba wa ke biyan hayarka. Ana ɗaukar ɗalibi mai cin gashin kansa ne idan ya kai shekara 24, ko yana da aure, ko yana da 'ya'yan da yake ɗaukar fiye da rabin nauyinsu, ko tsohon soja ne, ko maraya ne na uwa da uba tun yana shekara 13 ko bayan haka, ko ya zauna a hannun hukuma, ko ba shi da matsuguni kuma ba ya tare da iyaye. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, sai da bayanin iyaye.

Kawu ko gwaggo ko yayan da kake zaune a gidansa ba uba ba ne a wannan fom, komai daɗewar riƙon, sai in kotu ta ba shi kai a matsayin ɗa. In iyaye sun rabu, wanda ya fi kashe maka kuɗi a wata 12 da suka wuce shi zai cike, tare da bayanin wanda ya aura yanzu. Idan kuwa akwai babban dalili, kamar cin zarafi ko an rasa inda iyaye suke, ofishin tallafin ɗalibai na da ikon sauya matsayinka in ka kawo shaida. Cewa mahaifi ya ƙi biya kawai ba ya cikin dalilan.

Iyayena suna gida, ba su da SSN. Yaya ke nan?

Suna iya buɗe asusu ba tare da lambar ba, a tantance su ta wata hanya. Abin da suka samu a shekarar za a juya shi daga naira ko sefa ko sidi zuwa dala bisa canjin ranar da ake cike fom ɗin, a rubuta da hannu. A fara wannan da wuri, don tantancewar takan ja lokaci.

Ina tuƙin Uber, matata tana kitso. Ba mu da takardar albashi.

Ba takardar albashi ake nema ba, takardar haraji ake nema. Mai aikin kansa da ya ci ribar dala 400 ko fiye a shekara wajibi ne ya cike haraji. In fom ya nuna kuna da kuɗin shiga amma ba ku cike ba, kwaleji za ta riƙe tallafin har sai kun gyara da IRS.

Akwai wani kuskure da masu cike wa mutane haraji a unguwa suke yawan jawowa. Miji da mata suna gida ɗaya, sai a cike wa kowannensu a matsayin shugaban gida mai zaman kansa, don kuɗin da ake mayarwa ya yi kauri. Ranar da ɗansu ya rubuta a FAFSA cewa iyayensa na da aure kuma suna tare, ma'aikacin ofishin tallafi zai ga takardun sun saɓa wa juna, kuma doka ta hana shi sakin kuɗi sai an warware. Warwarewar ita ce a sake cike harajin da fom 1040-X, wani lokaci har a mayar da kuɗi. Zango guda yakan tafi a kan wannan.

Game da dukiya, gidan da kuke ciki da asusun fansho ba a ƙirga su. Kuɗin banki na ranar cikewa ana ƙirgawa, haka fili ko gidan haya, ko da a Zariya yake. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi, kamar masu karɓar tallafin abinci na SNAP ko inshorar lafiya ta Medicaid, galibi ba a ma tambayarsu dukiya.

Nawa ne tallafin Pell?

Pell kyauta ce ta gwamnatin tarayya, ba a mayarwa. An kafa ta a 1972, daga baya aka sa mata sunan Sanata Claiborne Pell. A shekarar karatu 2025–26 mafi yawanta dala 7,395 ne, mafi ƙanƙanta 740. Iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce kashi 175 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnati ba suna samun cikakkiya, in kuma uwa ce ko uba shi kaɗai, har zuwa kashi 225.

Adadin yana tafiya da yawan kiredit. Kiredit 12 shi ne cikakke, 9 kashi 75 ne, 6 rabi. Ɗauki ɗaliba a CUNY mai cikakkiyar Pell. In ta ɗauki 12, za a ba ta kimanin dala 3,697 a zango, a cire 2,400 da 'yan kuɗaɗen rajista, saura fiye da dala 1,000 su zo hannunta don littattafai da kuɗin jirgin ƙasa. In ta ɗauki 9, Pell ɗinta 2,773 ce, kuɗin makaranta 1,890. Darasin da ba ya cikin tsarin digirinka ba a ƙirga shi, komai daɗinsa, don haka a nuna wa mai ba da shawara jadawalin kafin a rufe rajista.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne iyaka. Pell kamar rumbu ce, abin da ke ciki na cikakken zango 12 ne a duk rayuwarka, kuma ba a ƙara zubawa. Wanda ya cinye zango 8 a kwalejin shekara biyu yana sauya fanni, zango 4 kaɗai ya rage masa a jami'a, inda kuɗin ya fi tsada nesa ba kusa ba. Karatun lokacin hutun bazara ma ana biya, amma daga rumbun ake ɗiba.

Ina da digiri daga jami'ar gida. Zan samu Pell in karanta aikin jinya?

A'a. Duk mai digirin farko ya fita daga Pell da FSEOG, ko a wace ƙasa ya samo shi. Kwaleji ce ke yanke ko takardarka ta kai matsayin digirin Amurka, don haka mai difloma ya kai takardunsa a duba. Kada a ɓoye digiri. Ƙarya a wannan fom laifi ne mai tarar da ke kaiwa dala 20,000 ko ɗauri, kuma za a karɓe abin da aka bayar. Bashin gwamnati, aikin cikin makaranta da sikolashif na kwaleji duk suna buɗe gare ka.

Yaushe kuɗin ke shigowa?

Kwaleji ake fara turawa, ta cire nata. In akwai saura, doka ta ce ta ba ka cikin kwana 14. Yawancinsu ba sa sakin kuɗi sai malamai sun tabbatar kana zuwa aji kuma lokacin sauya darussa ya wuce, don haka kada ka sa ran biyan hayar watan farko da shi. Ka tambayi takardar karɓar littattafai a kantin makaranta kafin kuɗin ya fito.

In shiru ya yi yawa, ka duba imel ɗinka na makaranta. Sau da yawa an zaɓe ka ne don tantancewa, ana jiran katin shaida ko takardar haraji, kai kuma ba ka gani ba.

Rasuwa aka yi a gida, dole in tafi wata guda. Me zai faru?

Wannan ita ce tambayar da ya fi kyau a yi kafin a sayi tikiti. Tallafi ana cin sa ne kwana-kwana. Sai ka wuce kashi 60 cikin 100 na zango, wato wajen mako na 9 a zangon mako 15, sannan duka ya zama naka. In ka janye kafin nan, za a yi lissafi.

A ce ɗalibar nan mai dala 3,697 ta bar karatu bayan kashi 30 na zango. Abin da ta ci kusan dala 1,109 ne. Kwaleji za ta mayar wa gwamnati kashi 70 na kuɗin makaranta, dala 1,680, sannan ta juyo ta rubuta wa ɗalibar bashin wannan adadin. Har sai ta biya, yawanci ba za a bar ta ta sake rajista ba. Wanda ya ɓace bai sanar ba ya fi shiga uku, don ga bashin, ga sakamakon faɗuwa a duk darussa.

Kafin ka tafi, ka je ofishin tallafi ka tambayi takamaiman ranar da kashi 60 ke cika. Ka yi magana da kowane malami. In zango ya yi nisa kuma kana cin jarrabawa, da yawa za su sa maka alamar I, wato ba a kammala ba, ka ƙarasa in ka dawo. Ka riƙe takardar shaidar rasuwa da tikitin jirgi, za su yi maka amfani. Tafiyar da aka san da ita tun da wuri kuwa, biki ko Umra, a sa ta a hutu.

In na faɗi jarrabawa za a yanke tallafin?

Ba da faɗuwa ɗaya ba. Ma'auni uku ake dubawa: matsakaicin makinka, wato GPA, kada ya gaza 2.0, ka ci aƙalla kashi 67 na kiredit ɗin da ka yi wa rajista, kuma ka gama kafin ka ɗauki ninki ɗaya da rabi na abin da shirin ke buƙata, wato kiredit 90 a digiri mai 60. Darasin da ka janye aka sa maka W bai taɓa GPA ba, amma yana cikin waɗanda ka ɗauka ba ka ci ba. Wanda ya yi rajistar 12 ya ci 6 yana kan kashi 50.

Yawancin kwalejoji suna ba da zango ɗaya na gargaɗi, da tallafi. In ba a gyara ba sai a dakatar. Daga nan sai takardar koke: me ya faru, ga shaida, ga abin da ya canza. Wanda ke aikin dare awa 40 ya ɗauki kiredit 6 ko 9 ya ci su, ya fi masa alheri da ya ɗauki 15 don kuɗin su yi yawa.

Turancina bai nuna ba. Ana biyan darussan koyon harshe?

Ana biya in kana cikin shirin digiri kuma darussan na rajistar kwalejin ne. Darussan share fage na lissafi da rubutu iyakarsu kiredit 30, na Turanci ba sa cikin wannan iyakar, amma duka suna rage zangon Pell. Mai farawa daga tushe ya fara da azuzuwan manya na kyauta a ɗakin karatu na unguwa ko a ita kwalejin, ya adana Pell ɗinsa.

Bashin fa? Akwai kuɗin ruwa a ciki?

Akwai, kuma ba dole ba ne ka karɓa. Kana iya amsar kyautar ka ƙi bashin. Ɗalibin da ke ƙarƙashin iyaye yana iya cin dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu. Mai cin gashin kansa 9,500 da 10,500. Ruwan basussukan da aka bayar a 2025–26 kashi 6.39 ne, kuma ana cire kashi 1.057 tun kafin kuɗin ya iso.

Bashin iri biyu ne. A na farko, wanda iyakarsa dala 3,500 a shekarar farko, gwamnati ce ke ɗaukar ruwan muddin kana karatu da kiredit 6 ko fiye, da kuma wata 6 bayan ka bari. Wanda ya biya uwar kuɗin kafin wata shidan su cika bai biya ruwa daga aljihunsa ba. Na biyu kuwa ruwansa yana fara taruwa tun ranar da aka saki kuɗin. Hukuncin shari'a a kan na farkon tambaya ce ta malamai, a kai musu ita da wannan bayanin dalla-dalla. Mai gudun abin baki ɗaya ya nemi tsarin biya kashi-kashi na kwaleji, wanda ba shi da ruwa sai ɗan kuɗin shiga, ko ya tuntuɓi ƙungiyar A Continuous Charity mai ba ɗalibai Musulmi rance ba ruwa.

A ganinmu, wanda Pell ta biya masa makaranta bai kamata ya ci bashi don sayen mota ko aika kuɗi gida ba. Bashin gwamnati da wuya a yafe shi, kuma in ka yi kwana 270 ba ka biya ba, ka rasa duk wani tallafi har sai ka daidaita.

Na ji wasu jihohi karatun kyauta ne.

Gaskiya ne, amma a san irin kyautar. Tennessee Promise, da takwararta ta manya Tennessee Reconnect, da tsarin da Massachusetts ta fara a 2024, suna cike giɓin da ya rage ne bayan Pell da sauran tallafi sun biya nasu, kuma sai ka cike fom ɗin neman tallafi. Kalifoniya tana yafe dala 46 ɗin ga masu ƙaramin ƙarfi, Pell ɗinsu ta zo hannunsu. Niyok tana da tallafin jiha mai suna TAP, CUNY kuma tana da shirin ASAP tun 2007, mai taimakawa da kuɗin sufuri da littattafai da mai ba da shawara na musamman. Kalifoniya da Niyok suna kuma da fom na daban ga waɗanda takardunsu ba su kai su cike FAFSA ba, musamman yaran da suka yi sakandare a jihar.

Gajeren kwas nake so, tuƙin babbar mota ko taimakon jinya.

A tsohon tsari Pell tana buƙatar shiri mai aƙalla mako 15 da kiredit 16, don haka irin waɗannan ba sa shiga. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta buɗe ƙofa ga wasu kwasa-kwasan mako 8 zuwa ƙasa da 15 daga Yulin 2026, in jiha ta amince da su. Kafin ka biya daga aljihu, ka leƙa cibiyar neman aiki ta American Job Center mafi kusa ka tambayi kuɗin horo na WIOA.

An sallame ni daga aiki bayan shekarar harajin da aka duba.

Ka cike fom ɗin yadda yake, sannan ka rubuta wa ofishin tallafi ka nemi a sake duba yanayinka. Ka haɗa takardar sallama da ta albashin ƙarshe. Haka in rasuwa ce, rabuwar aure, ko kuɗin asibiti mai yawa. Suna da ikon gyara lissafin, amma sai an nema.

In zan wuce jami'a, tallafin zai bi ni?

Ba ya bi da kansa. Ka ƙara sabuwar makarantar a FAFSA, ita za ta yi nata lissafin, kuma ba a karɓar Pell a makarantu biyu lokaci guda. Tun zangon farko ka nemi yarjejeniyar da ke tsakanin kwalejinka da jami'o'in jihar, wadda ke nuna darussan da za a karɓa, don kada ka kashe Pell a kan kiredit ɗin da za a zubar. Mai GPA wajen 3.5 ya amsa gayyatar ƙungiyar Phi Theta Kappa, jami'o'i da yawa na ware wa 'ya'yanta sikolashif. Gidauniyar Jack Kent Cooke kuma tana ba zaƙaƙuran ɗaliban kwalejin al'umma har dala 55,000 a shekara don ƙarasa digiri. Ana neman ta tun kana kwalejin, watanni da yawa kafin ka koma jami'ar, kuma tana buƙatar wasiƙun malaman da suka san aikinka.